Tiyon Yara Ya Rasu a Bakin Alhaji Attahiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta daina mamaki, ni Maman Lurwanu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Konni, nake sanar da rasuwar tiyon duba cikin yara na gidan likitarmu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a bakin Alhaji Attahiru mai albasa.

Marigayin baƙi ne, siriri, da fitila a goshi. Ya shiga cikin 'ya'yan talakawa daga garin Tajaye har Alela, bai taɓa tambayar ɗan wane ne ba. Ya fito da dala, da ƙusa, da ƙwallon magarya. Ba shi da surutu: "fuuu" in zai shiga, "tsut" in ya kamo.

Ɗiyata A'i ta fi kowa saninsa. Tana shekara uku ta sha ruwan soda da uwarta, matata Safara'u, ta jiƙa don yin sabulu. Maƙogwaronta ya ƙone ya tsuke, ko kunu sai an tace. Duk wata marigayin yakan haska wa lokotoro, babban likitanmu, ya buɗa hanyar kaɗan. Safara'u ba ta ga ƙarshen aikin ba. Haihuwa ta tafi da ita bara, tana ganin ta kashe ɗiyarta.

Jinyar marigayin gajeruwa ce. Alhaji ya haɗiye haƙorinsa na Makka, na zinariya. Akwai tiyon manya, amma ya ji an ce na yara ya fi taushi, kuma shi ya gina masallacin bakin ƙofa. Aka tsallake yara aka zura masa. Ya datse shi da sauran haƙoran da Allah ya bar masa. Na zinariyar ya fito da kansa washegari ta hanyar da aka saba. An wanke, an mayar.

Marigayin ya bar akwatinsa, da lokotoro mai cewa an sanar da Yamai, da yara jere a baranda. A'i ta koma kunu. Wannan makon ruwa ma dawowa yake.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a ramin shara na bayan ɗakin haihuwa. Alhaji ya aiko da buhun albasa sadaka. Masu iya haɗiya su zo su ci.

Ni daga nan maƙabarta zan wuce, wurin Safara'u, in tsaya daga nesa. Watan jiya A'i ta haɗiye lomar tuwo, ta miƙo hannu tana neman ƙari. Na waiwaya in faɗa wa uwarta, babu kowa a bakin murhu.

Safara'u, ta ci.