Kaji Gajabir, Wanda Aka Manta a Kashe

A buɗe kunne, a rufe baki, za a ambaci Kaji Gajabir Bogati, Kaji kuwa sarautar manyan fada ce. Gajabir na Hiradebi, bangon Katmandu, dutsen da ƙanƙara ke kwana a kansa, Sarkin Laimomin Fada! Duk laimar da aka taɓa buɗewa a kan sarki, shi ya fito da ita daga ma'aji. Gashin bakinsa kuwa, in ya shafe shi da man shanu ya murɗe, yakan riga mai shi shiga ɗaki.

Abu ɗaya ne ke cin zuciyar wannan gwarzo: ba wanda ya taɓa yunƙurin kashe shi.

Kada ku yi dariya. A fadarmu ta wancan zamani ba da gona ko giwa ake auna girma ba, da irin mutuwa ake aunawa. Ƙaramin mutum zazzaɓi ke ɗauke shi. Babba kuwa sai guba a kindirmo, ko wuƙa a zauren sarauniya, in ta yi sauƙi a kore shi Banaras, can ƙetaren iyaka, ya je ya wanke takaici a kogi. Dangin sarauniya su sare dangin kawun yarima, na kawun yarima in sun farfaɗo su rama har da gyara. Tsaran Gajabir kowa ya samu rabonsa. Shi kaɗai yake ta tsufa lafiya ƙalau kamar mai sayar da tukwane.

Amma shi ya san dalili.

"Tsoro!" in ji shi, yana busa hayaƙin taba. "Kura ta san gidan mai babbar sanda. Suna nan suna shiri, Hiradebi. Irina ba a kashe shi da gaggawa."

"Haka ne, maigida," in ji matarsa. "Ɗaga ƙafa in share."

Saboda wannan shiri da ake masa, Kaji ba ya fita sai da sulken kakansa a ƙarƙashin riga. Sulken ya yi tsatsa, yana tafe yana ƙiii-ƙiii kamar ƙofar rumbu, karnukan unguwa na raka shi har bakin fada. Abinci kuwa ba ya taɓawa sai ƙanin matarsa Danbir ya ɗanɗana. Danbir mutum ne mai riƙon amana. Yakan ɗanɗana shinkafa, ya ɗanɗana miyar wake, ya ɗanɗana naman akuya har ƙashi, sannan ya ce bai amince da ɗaya cinyar ba. Kafin shekara ta zagayo Danbir ya yi wuya ya yi tumbi, Kaji kuwa sulke na yawo a jikinsa.

Ana nan sai aka ba maƙwabcinsa, Kaji Naramardan Bista, guba. Bista fa! Mutumin da ko gashin baki na kirki bai tara ba. Gajabir ya ji labari ya kusa haɗiyar zuciya. Ya tafi gaisuwa, ya tsaya tsakiyar masu makoki, ya share murya.

"Jama'a, ku yafe mini. Ni aka nufa. Ƙofata da tasa iri ɗaya ce, mai gubar ne ya ɓata hanya. Marigayi ya ci arzikin maƙwabtaka, ya yi mutuwar da ta fi ƙarfinsa."

Matar mamacin ta ɗago daga kuka ta dube shi sama da ƙasa. "Kawu, kai ne mai kawo itacen ƙona gawar?"

Ya dawo gida ya gaya wa Hiradebi baƙin ciki ya taɓa wa matar kai.

Sai ga ranar da har yau ba a manta da ita ba. Rana tsaka ƙaho ya ɗauka daga fada, tuuu-tuuu, kiran da ke nufin duk wani babba ya hallara a farfajiyar makamai. Masu hankali da suka ji shi suka tuna suna da ciwon ciki. Gajabir ya zabura ya bar shinkafa a hannun Danbir.

"Yau ce! Hiradebi, rawanina mai gashin tsuntsu! In ban dawo ba, ki gaya wa jikoki da murmushi na tafi."

"In ka dawo ka biyo mini da gishiri."

A ƙofar farfajiya wani soja ya gitta masa bindiga. "Manya kawai, kawu."

"Ka san da wa kake magana?"

"Shi ya sa na ce manya kawai."

Da wani ne, da ya gode ya juya. Kaji Gajabir ya zagaya ta baya, ya bi ta garken ɓaunan da ake tsarewa don yankan biki, ya nutse a kashi har gwiwa, ya kutsa ta wata kafa, sulke na kuka. Ya faɗo cikin farfajiyar daidai lokacin da sarauniya ta leƙo ta taga tana ihu a fito mata da maci amana. Wani ya nuna wani. Wani ya zare takobi. Bindiga ta ce tau! Daga nan ba wanda ya sake jin maganar wani. Mutanen da suka ci abinci a faranti ɗaya da safe suka hau saran juna, rawuna na birgima a ƙasa, wasu da kawunan a ciki.

Gajabir ya hau kan wani dakali, ya buɗe ƙirji, ya rufe ido.

"Ga ni! Ku daina ɓarnar ƙananan mutane, ga wanda kuke nema!"

Aka bi ta damansa aka sari mutum. Aka bi ta hagunsa aka sari mutum. Can ya ji hannu a kafaɗa, ya ce to, yau an san ni. Ya buɗe ido ɗaya. Wani ƙato ne, takobi na ɗigar jini.

"Kawu, matsa mana, ka tare mini hanya."

Da yamma wani sabon janar ya zama mai gari. Iyalan waɗanda aka kashe aka ba su zuwa wayewar gari su bar ƙasa. Gidan Bogati ba wanda ya leƙa. Kaji ya zauna a soro da kayansa a ɗaure yana jiran a zo korarsa, ya jira har gemu ya fito. Da ya ga sun kasa samun ƙarfin halin tunkararsa, sai ya sauƙaƙa musu, ya kori kansa. A kan dutsen ƙarshe da ake hango Katmandu ya tsaida 'yan dako, ya juya ya ɗaga hannu.

"Ke birni mara godiya! Yau kin zama gida ba jigo. Za ki neme ni da kuka!"

Danbir ya yi kukan a madadin birnin, bakinsa cike da ƙwai.

A Banaras kuwa kasuwarsa ta buɗe. Kullum da hantsi korarru kan taru a matakalar bakin kogi, kowa na lissafin 'yan'uwan da ya rasa, shi kuma yana lissafin takubban da suka kuskure shi. Jiya bakwai ne, yau sun haihu. "Janar ba ya runtsawa," yakan ce. "Muddin ina numfashi, kujerarsa ƙaya ce."

Watanni suka shuɗe, damina ta faɗi. Ran nan sai ga wani dogon soja daga gida, laka har cinya, wuƙa a ɗamara, yana bin matakala yana tambayar ina Bogati. Korarru suka dare. Hiradebi ta saki tulu. Gajabir kuwa daɗin da ya ji ya fi tsoro yawa: a gaban kowa, a bakin kogi mai tsarki, an aiko takanas daga Katmandu! Ya gyara gashin baki, ya durƙusa, ya miƙa wuya.

"Sara, ɗana. Ka gaya wa ubangidanka Gajabir bai roƙa ba."

Sojan ya sosa ƙeya. "Kawu, mabuɗi aka ce in karɓo."

"Wane mabuɗi?"

"Na ɗakin laima. Ruwa ya ba Janar kashi ran hawa, aka nemi laima, ɗaki a kulle. Aka aika gidanka, maƙwabta suka ce ka yi tafiya." Ya miƙo hannu. "Yaushe ka taso ne, kawu? Mu duk mun ɗauka kana ciki."