Koba a Goshin Kwale-kwale

"Kaka, ashe kana nan da ranka? Na hango ƙofar rumfa a buɗe, na ce shi ke nan, ɓarayi sun zo kwasar tarkace."

"Ɓarawon da ya shigo nan ai sai dai ya ji tausayi ya ajiye min wani abu. Shigo, sarauniyar makara. Da safe na ce ki zo, ban ce da safiyar gobe ba."

Tegan ta dire jakar burusanta da gwangwanin fenti, ta sumbaci tsohon a sanƙonsa. Rumfar kakanta Athol tana bakin kogin Huon, a ƙasan gonar tuffa da ya daina nomawa tun da gwiwoyinsa suka yi masa tawaye. A tsakiyar rumfar, bisa wasu gumagumai, ga kwale-kwalen da shi da amininsa Darby suka sassaƙa da hannunsu tun gashinsu yana baƙi. Kwale-kwalen bai taɓa samun suna ba, don duk sunan da ɗaya ya kawo sai ɗayan ya kushe shi. A farkon sanyin bana Darby ya rasu. Aka ƙona gawarsa kamar yadda ya bar wasiyya, ya kuma ce a kai tokarsa gefen tsibirin da suke kamun kifi, a cikin wannan kwale-kwalen, a zuba a ruwa. Ranar Asabar za a yi. Dalilin da ya sa ke nan Athol ya kira jikarsa daga Hobart, inda take sana'ar rubutun alluna da jikin motoci, ta zo ta rubuta wa kwale-kwalen suna.

Ta buɗe gwangwani tana juya fentin da tsinke. "To, me za a rubuta? Tsohon Masifaffe? Yana da ɗan tsawo, amma zan matse shi."

"Koba."

"Ko me?"

"Koba na ce. Kunnenki ya riga nawa tsufa ne?"

"Na ji. Na ɗauka tari ne ya sarƙe ka. Haba Kaka, ai wannan kalmar ta daɗe da komawa ga Mahaliccinta. Ban taɓa jin ta a bakin mai haƙoransa na ainihi ba."

"Haƙorana nawa ne. Ni na je na zaɓo su da kaina."

"In ka je Sydney yau ka ce wa mutum koba, sai ya waiwaya ya ga ko fim ɗin mutanen da ake ɗauka."

"Mutanen Sydney ai ko gaisuwa sun manta. Mu nan tsibiri ba ma yar da abu don ya tsufa."

"Na lura," in ji ta, tana kallon tulin tsofaffin tayoyi da igiyoyi da ke kusurwa.

Athol ya yi kamar bai gani ba. Ya zuba musu shayi daga fulas, ya tura mata faranti mai yankan kek ɗin tuffa, sannan ya zauna kan wani akwati ya gyara murya.

"Ke ko kin san daga gidanmu kalmar ta fito? Kakana ne ya ƙirƙiro ta."

"To fa. An fara."

"Yana yankan katako a dajin nan na sama, shi da wani, da irin zarton nan na mutum biyu. Sai ya ga itacen zai faɗo kan mutumin. Ya wage baki zai ce masa ya kauce, ƙuda ya faɗa masa maƙogwaro. Abin da ya fito ke nan: koba! Mutumin ya yi tsalle, ya tsira. Daga ranar duk wanda ya tsaya maka, sunansa ke nan."

"Wannan kakan ne da ka ce shi ya koya wa kifin kogin nan iyo, ko wani ne daban?"

"Shi ne. Mutum ne mai hidima da yawa."

Tegan ta kusa ƙwarewa da shayi. "Kaka, ka ji tsoron Allah. Masu bin diddigin kalmomi ma ba su daidaita ba. Wasu sun ce daga ƙauyukan Ingila ta taso, daga wata kalma da ke nufin jininka ya haɗu da na mutum. Wasu kuma sun ce daga bakin Yahudawa aka aro ta, wai abokin tafiya."

"Wasu sun ce, wasu sun ce. Kin gani, ba su sani ba ke nan. Ni kuwa na sani."

"Abin da dai aka tabbatar, sojojinmu da suka je yaƙin duniya na farko da ita suke kiran juna a ramukan fagen daga."

"Wa ya kai musu ita? Ƙanen kakana."

"Shi ma ƙuda ya haɗiya?"

"Shi a can ƙudajen sun fi girma."

Ta girgiza kai, ta ɗauki alli ta tsugunna a goshin kwale-kwalen. Katakon sumul yake kamar an shafa masa zuma, har yanzu yana ƙamshin dajin da aka saro shi. Ta fara zana haruffan a hankali yadda ake rubuta kalmar da Turanci: C, O, B, B, E, R.

"Ya karkace," in ji Athol.

"Kai ne ka karkace. Zauna daidai ka gani." Ta goge ƙasan wani harafi da yatsa. "Amma tsakani da Allah, me ya sa ba za ka sa Aboki kawai ba? Kowa zai gane."

"Aboki? Ai yanzu kowa aboki ne. Mai gidan mai ya ce maka aboki. Ɗan sanda ya tare ka a hanya, ya ce maka aboki, ya sa ka hura masa iska a bututun gwajin shan giya. Jiya wani ya bugo waya daga inda ban sani ba, zai sayar min da abin ɗumama ruwa, wai abokina."

"Koba fa?"

"Koba shi ne wanda za ku wuni cikin kwale-kwale ba wanda ya ce uffan, ku dawo gida kowa ya ce wa matarsa yau an sha hira."

"Marigayiya kakata fa? Koba ce?"

"Kakarki mata ce. Wannan muƙami ne daban, ya fi haɗari."

"Kare fa?"

"Kare yana iya zama, in ya daɗe kuma bai cika surutu ba."

"Ni fa?"

"Ke?" Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke ai jarrabawa ce."

"Na gode. Ni ma haka nake gaya wa mutane game da kai." Ta tsoma burushi cikin farin fenti, ta share gefensa a bakin gwangwani. "Kullum haka kake kiran Darby, koba?"

"Wa? Darby? Jaki nake ce masa. Shi kuma ya ce min Buhun Dankali."

"To ina amfanin kalmar, in ba a faɗin ta?"

"Akwai masu watsa ta ga kowa kamar tsabar kaji. Ni a ganina su suka gajiyar da ita." Ya juya kofinsa a tafin hannu, idonsa na kan kogi ta ƙofar rumfa. "Mu ba ma yi. In dai ana maganarsa ba ya nan, sai in ce ai koba na ne. Shi ma na ji an ce haka yake yi. A gabana kuwa sai a asibiti ya faɗa. Na tashi zan tafi, ya kama hannun rigata, ya ce, to, koba."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya rage surutu, yana tashin marasa lafiya."

Tegan ta ja layin farko, fari tas a kan katako. Rumfar ta yi tsit, sai ƙarar ruwa yana lasar duwatsun gaɓa, da wani agwagwan ruwa da ke faɗa da 'yan uwansa can nesa. Ta gama harafin farko, ta shiga na biyu, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ranar Asabar wa zai tuƙa?"

"Ashe uwarki ce ta aiko ki."

Gaskiyarsa. A daren jiya mahaifiyar Tegan ta kira ta tana kuka. Zuciyar tsohon ta fara wasa da shi, an taɓa tsintar shi zaune a gindin tuffa yana haki, fuska ta yi fari, likita kuma ya hana shi duk aikin ƙarfi. Uwar ta ce ta rubuta masa duk abin da yake so, amma kada ta baro gidan sai ya yarda ya hau jirgin injin maƙwabcinsu Rex, a bar kwale-kwalen a rumfa.

"Ba wanda ya aiko ni. Kai ka kira ni."

"Kin iya ƙarya kamar yadda kika iya zuwa da wuri. Jirgin Rex ko? Wancan abin da ke tusa yana korar kifi? Darby ya tsani inji. In na ɗora shi a kai, wallahi sai ya fito daga tulun tokarsa ya shaƙe ni."

"To wa zai tuƙa wannan?"

"Wa ya saba tuƙa shi?"

"Ku biyu kuka saba."

"Yanzu saura ɗaya. Ɗayan zai zauna a gaba cikin tulu, ya huta. Dama can rabin aikin ni nake yi."

"Kaka, likita ya ce..."

"Likitan nan yaro ne. Na girmi asibitin da yake aiki."

Tegan ta ƙarasa harafi na uku, ta gyara masa ciki da kyau. Sai ta miƙe, ta jefa burushin cikin kwalbar kananzir, ta mayar da murfin gwangwani ta danne shi da dunduniya.

"Me kike yi haka?"

"Na tashi daga aiki."

"Saura rabi!"

"Ni ba na rubuta ƙarya a jikin kayan mutane. Da bakinka ka ce kalmar ta mutum biyu ce. Kwale-kwale mai tsoho ɗaya yana nishi a tsakiyar kogi ba sunansa ke nan ba. In kana so in goge in sa Taurin Kai, yanzu sai in yi."

Athol ya taso yana dafa gwiwa, ya leƙa goshin kwale-kwalen. C, O, B. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Kin san abin da kika rubuta kuwa?"

"Na sani mana. Cob, wato totuwar masara. Haka za ka kai amininka makwancinsa, duk garin na tsaye a gaɓa suna kallo, ga Athol can cikin Totuwa."

"Ja'ira! Ba ni burushin in ƙarasa da kaina."

"Bismilla. Da wannan hannun naka mai rawa, sai a ɗauka kaza ce ta taka fenti ta bi ta kai."

"To me kike so?"

"Ni zan tuƙa da kai. Ka sa rigar ceto. Rex ya biyo mu a baya, nesa, inda Darby ba zai ji warinsa ba. In ka fara haki, ka ajiye, in kai ku ni kaɗai."

"Ke? Ke da na saka a jirgi kina ƙarama kika yi ta zagaye wuri ɗaya har agwagi suka taru kallo?"

"Malamin ne bai iya ba."

"Sai kin kai mu tekun kudu, mu je mu gaida ƙanƙara."

"Ko can muka je, ai mu biyu ne. Zaɓi naka: ni, ko Totuwa."

Tsohon ya dubi kwale-kwalen, ya dubi jikarsa da ta harɗe hannuwa, fenti a haɓarta, ta turo baki irin na uwarta sak. Tegan ta san halinsa: in ya ce a'a, ko da asuba sai ya ja abinsa ya shiga ruwa shi kaɗai. Ya daɗe yana shafa gefen katakon da tafin hannu.

Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce ta ƙwace masa, irin wadda ba ta ji daga bakinsa ba tun kafin sanyi ya shigo.

"Totuwa," ya ce, yana share ido da bayan hannu. "Da jakin nan yana nan, da ya ce a bar shi haka, don kawai ya ƙona min rai. Hau akwatin can. Miƙa hannu saman rufi, bayan ragar kifi. Akwai abu naɗe cikin buhu."

Ta hau ta jawo. Filafili ne dogo, an shafe shi da mai, mariƙinsa ya yi baƙi ya lotsa daidai inda yatsun mutum suka yi shekaru suna kamawa.

"Na Darby ne," in ji Athol. "Hagu yake zama. Kada ki buga min shi a dutse."

Tegan ta sa yatsunta cikin gurbin na Darby. Ba su cika shi ba.

"Ya yi min girma, Kaka."

"Za ki girma."

"Na haura talatin fa."

"To hannun ne bai ji labari ba. Sauko ki ƙarasa min sunan kafin wani ya wuce ya gani."

Ta jingina filafilin a hankali, ta ɓalle murfin gwangwani. "Mama fa? Wa zai gaya mata za ka hau ruwa?"

Athol ya koma kan akwatinsa, ya ɗauki yankan kek na ƙarshe, wanda yake nata.

"Ke mana," ya ce. "Ni ba ki ji likita ya hana ni aikin ƙarfi ba?"