Dattijuwa Ta Cika a Kan Jak

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya tumbatsa, Auta, a madadin mahaifiyarsa da yayyensa, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar motar gidansu, wadda kowa ya sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Laraba bayan azahar a garejin Kawu makanike, tana tsaye kan ƙafa uku da jak ɗaya. Shekararta ashirin da shida, goma sha tara a hannun marigayi Baba, sauran a hannun Auta, wanda shi ne ajalinta. Shi ya ce a rubuta haka, kada a sakaya.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi. Da safe sai ta yi tari biyu, kir-kir, kir-kir, a na uku ta ce gurum ta tashi. Ƙofar baya ba ta buɗuwa sai daga waje, hon ɗinta kuwa ya dishe tun zamanin Baba. Amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Babban aikinta a ƙarshen rayuwa shi ne kai Mama wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, ƙarfe bakwai na safe. Mama ba ta iya hawa babur, ba ta iya cunkoson bas. Kujerar gaba ta Dattijuwa, wadda ke kwantawa har ƙasa, ita kaɗai take iya jurewa idan an sauko da ita daga na'ura jiki duk ya saki.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga ƙawa. Shekara uku da suka wuce Auta ya ga motocin abokansa sun buɗe ƙafa, tayoyi sun leƙo waje, tasu kuwa a tsuke kamar mai jin kunya. Ya sayo sifesa huɗu, faya-fayan alminiyam ɗin nan da ake cusawa tsakanin taya da hob, wato ƙarfen da ake ɗaura tayar a kansa, don ta turo waje. Wani mai faci a bakin titi ya ɗaura su a bushe, ko ɗigon giris bai shafa ba. Dattijuwa da ta haura ashirin aka mayar 'yar gayu, ba a tambaye ta ba.

Damina uku ta wuce a kansu. Tsatsa ta shiga tsakani ta ɗaure ƙarfe da alminiyam tamau. Sitiyari ya soma rawa, mota na kakkarwa, har ranar Litinin Mama ta yi amai sau biyu kafin su iso gida. Kawu makanike, abokin Baba ne tun suna samari, ya duba ya ce a cire tarkacen nan.

Ya bi su da man birki da lallashi. Ya zuba, ya bari ya jiƙu, ya ƙwanƙwasa gefe-gefe da ƙaramar guduma yana juyawa. Uku suka fito cikin kwana biyu. Na huɗu, na baya ta gefen bakin tanki, ya ce bai san zancen ba.

"A bar shi ya kwana cikin mai," in ji Kawu. "Gobe da rana zai saki."

"Kawu, gobe Alhamis. Bakwai za a ɗora Mama kan na'ura."

"Na sani, ɗana. Ƙarfe ne bai sani ba."

Kawu ya tafi masallaci da cin abinci. Auta ya tsaya shi da sifesa suna kallon kallo. Ya taɓa ji a majalisa wai fetur ya fi komai cin tsatsa. Ya zuƙo rabin gora daga tanki ya kwarara wa sifesan, ya jiƙa tsumma ya cusa bayan hob don ya riƙa tsatsafowa a hankali. Ya sa kurfi, ya yi ta dukan Dattijuwa da babbar guduma har tafin hannunsa ya fashe, ko gezau. Sai ya tsallaka titi ya kira mai walda ya zo ya gasa ƙarfen.

Mai walda ya durƙusa, ya shinshina. "An zuba wani abu a nan?"

"Man birki ne kawai, malam."

Ya san ƙarya yake. Gani ya yi fetur ai ya bushe, kuma in ya faɗi gaskiya mutumin zai naɗe tiyonsa ya tafi. Tsumman nan kuwa ya manta da shi sarai. Gareji ko'ina warin fetur yake, mai walda ya yarda ya kunna.

Ba a daɗe ana jinya ba. Wuta ta ce fuu, ta bi tsumma, ta kama tiyon mai. Aka yi ta yashi, aka yi ta ruwa, bokiti uku ne kaf garejin. Da wayoyi suka narke sai hon ya kama kansa, ya yi ta kuka da dasasshiyar muryar nan, fiiii, babu tsayawa, har batir ya mutu. Mai walda ya tsira da ƙuna a hannu biyu, kuma har yau Auta bai iya haɗa ido da shi ba. Kawu ya dawo ya tarar da ƙwarangwal na hayaƙi. Bai yi faɗa ba, ya zauna kan tsohuwar taya ya yi hawaye. Da ƙarfe ya huce, ya sa yatsa biyu ya zare sifesan ya ajiye a ƙasa.

Marigayiyar ta rasu ta bar makulli biyu, safaya ɗaya, taya ɗaya da aka cire aka jingine, da sifesa huɗu da babu mai son gadonsu. Ta kuma bar Mama.

Ranar Alhamis Auta ya goya Mama a bayansa har bakin titi. Bas uku suka wuce a cike. Kafin su sami mai tsayawa, an ɗora wani kan na'ura a gurbinta, aka ce sai Litinin. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. A hanyar dawowa ya gaya mata komai, har ƙaryar da ya yi. Ta shafa kansa ta ce, "Kai dai ba ka ƙone ba ko?" Tun daga nan ba ta sake tayar da maganar ba, shi kuma da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da hantsi daga garejin Kawu zuwa filin 'yan gwangwan, inda za a yanka ta a auna. Babu zaman makoki, Mama ba ta son hayaniya. Iyalan na roƙon kada kowa ya wahalar da kansa zuwa rakiya. Duk mai son yi musu ta'aziyya, in yana da mota, ya zo ƙofar gida ranar Litinin ƙarfe shida na safe. Auta zai fito masa da Mama a goye.