Ruwa Har Wuyan Ciyaman

A Tafkin Bado ba a auna ruwa da sanda. Da wuyan Ciyaman ake auna shi. Duk ranar zaman majalisa, Ciyaman Dorina zai shigo tsakiyar tafki ya zauna, Kunkuru magatakarda ya zagaya shi, ya duba, sannan ya ɗaga murya: "Ruwa har wuya!" Kowa ya ce madalla, a shiga maganar kasuwa. Haka aka gada, kuma tun da ake, ba a taɓa samun ranar da ruwa bai kai wuya ba.

Kasuwar kuwa guda ce. Kwaɗi su kamo fara a bakin gaɓa, a shanya, a tara. In damina ta kusa, shamuwoyi su iso daga ƙasashen da ba wanda ya taɓa gani, su kwashi fara, su bar kanwa. Manya ke lasar kanwar. Kwaɗo in ya taɓa ta fatarsa ce ke saluɓewa, amma an yi masa bayani cewa ƙasarsa ce ke ci gaba. Shamuwoyin daga gaɓa suke tsayawa, ko yatsa ba sa sawa cikin ruwa, don sun san zurfinsa ya fi ƙarfin ƙafarsu. Majalisa na kiran wannan mutunta juna.

Bana dai Tasalla, kwaɗuwar da ke wakiltar unguwar gaɓa, ta kasa zama wuri ɗaya. Damina ta yi latti. Giwayen ƙasar da ke sama da su sun datse kogin da ke zuba cikin tafkin da gumagumai, wai suna noman rani. 'Ya'yan Tasalla kuwa suna can ƙarƙashin ganyen bado, ko ƙafa ba su fitar ba, daga kai sai wutsiya, a ruwan da ya yi ɗumi ya janye har ana ganin bayansu. Ta je ta duba su, ta dawo, ta sake komawa. Kuma ta sha ganin Ciyaman da sassafe yana tonon laka da ƙafafunsa na baya kafin a fara zama. Kowa ma ya gani. Sai dai ba ya cikin ajanda ne.

Ran nan aka taru. Ciyaman ya nutse cikin raminsa, Kunkuru ya zagaya.

"Ruwa har wuya!"

"Madalla!"

Dakta Balbela ya miƙe. Shi ne masanin kasuwar duniya, saboda ya taɓa bin wani garken shanu har ƙetaren kogi, ya dawo da wata irin tafiya.

"Ranka ya daɗe, 'yan majalisa masu daraja," in ji shi, "duk kamfanin da ya san kansa yana lura da abubuwan da ke kewaye da shi. Akwai na sama, wato hadari. Akwai na siyasa, wato giwaye. Akwai na ɗabi'ar abokin ciniki. Mu a ƙetare, in irin wannan ta taso, ba ma tayar da hankali, nazari muke yi. To, Jakadiyar shamuwoyi ta iso, ga ta can kan tsamiya da jama'arta. Ta ce fara ta yi kaɗan bana, kuma sun ji jita-jitar wai tafkinmu na ƙafewa. Suna tunanin kai cinikinsu wani wuri."

Majalisa ta ruɗe. Ciyaman ya tuna kanwa, ya haɗiyi yawu.

Tasalla ta yi tsalle ta dira kan ganye. "Ranka ya daɗe, ni ba ƙetare na je ba, unguwa na fito. Yaranmu na dahuwa. A ba mu izini mu kawo su cikin ramin nan naka, ko daga gefe ne, kafin ruwa ya sauka."

"Wane rami?" in ji Ciyaman.

"Wanda kake ciki, ranka ya daɗe."

"Wannan ofis ne."

"Haba, Iya Tasalla!" in ji Dakta, yana gyara fiffike. "Baƙi na kallo daga kan tsamiya, ki kama jigilar yara? Me za su ce? Ai kasuwa da kwanciyar hankali take tafiya. Ke matsalarki ba ki taɓa fita waje ba."

"Ni da nake kwana a waje?"

"Wajen ƙasa nake nufi."

Aka yi dariya. Tasalla ta waiga wajen ganyen bado, ta juyo, ta sake waigawa.

Dakta ya ci gaba. "Shawarata ita ce, jita-jita da shaida ake kashe ta. A gayyato Jakadiya ta matso, ta ga wuyan Ciyaman da idonta. In ta ga ruwa har wuya, magana ta ƙare."

Ciyaman ya ce wannan ita ce shawarar masu ilimi. Aka aika.

Jakadiya ta sauko daga tsamiya ta tsaya a gaɓa, inda kakanninta suka saba tsayawa. Ta gaida majalisa da ladabi, ta ce daga nan ba ta hangowa sosai.

"Matso, baƙuwarmu, nan gidanku ne!" in ji Ciyaman.

Ta ɗaga doguwar ƙafarta ta sa a ruwa a hankali, kamar mai taɓa tukunya a wuta. Ruwa ya tsaya mata a idon sawu. Ta ƙara taku, bai wuce nan ba. Ta ƙara. Sai ta daina kallon Ciyaman, ta karkata kai tana kallon ƙasa, inda ƙananan abubuwa masu wutsiya ke motsi a fili kamar an zuba su a faifai.

Tasalla ba ta nemi izini ba. Ta faɗa ruwa, ta isa ganyen bado, ta buɗe baki ta kwashi 'ya'yanta iya waɗanda bakin zai ɗauka. Sauran suna bin ƙafarta. Ta juya ta bi ta bayan Ciyaman ta nutse cikin ofis, ta leƙo da ido kawai.

Jakadiya ta iso har gaban Ciyaman, gashin cikinta ko jiƙewa bai yi ba.

"Kin gani?" in ji shi.

"Na gani, ranka ya daɗe. Ruwa har wuya, babu ko shakka." Ta yi murmushi. "Batun fara kuma, kada ku wahalar da kwaɗinku. Mun janye ƙorafi. Bana mu za mu riƙa shigowa da kanmu mu ɗauki abin da ya samu. Kanwa kuwa za a ƙara."

Dakta Balbela ya ce a ƙetare wannan shi ake kira cire shinge, kuma ƙasashe da yawa nema suke ba su samu ba.

Kunkuru ya miƙa wuya, kamar yadda doka ta ce. "Akwai mai ja?"

Aka dubi kujerar unguwar gaɓa, babu kowa. Aka hango idanun Tasalla a bayan Ciyaman, kumatunta a kumbure.

"Iya Tasalla, kina da magana?"

Tana da ita. Amma in ta buɗe baki, zubewa za su yi.

"Kowa ya amince," in ji Kunkuru.

Daga kan tsamiya, shamuwoyi suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya.