Ranar da Na Yanke Arɗo Daga Fim

Ko da zan manta ranar da aka ɗaura mini aure, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Sisawa ba, ranar da na tara mutanen gari a ajin firamare don su zo su kalli wautata a jikin bango. Ni na yi gayya, ni na yi aron janareta, ni na shimfiɗa tabarmi da hannuna. Babu wanda zan ɗora wa laifi, kuma wallahi na nema.

Abin ya faro ne daga wata bita ta kwana biyar da na je a Sakkwato, inda aka koya mana ɗaukar gajeren fim da waya. Kwana biyar kacal, jama'a! Amma na dawo Wurno da jaka a kafaɗa, ina taku kamar ni na ƙirƙiro kyamara. Nan da nan na buɗe shirin hira da masu kawo sauyi a cikin al'umma (sunan da na raɗa wa shirin kuwa, kunya ba za ta bar ni in rubuta shi a nan ba). Na hau kabu-kabu na je Goronyo wurin wata malama mai koya wa matan aure karatu. Na je Rabah na tasa wani limami gaba da tambayoyi kan fim da addini, har bawan Allah ya gaji ya ce lokacin salla ya yi. Duk wanda na samu, tambayata ta ƙarshe ɗaya ce: "Mene ne sirrin shugabancinka?" Ni kaina ban san abin da nake nema da ita ba, daɗinta kawai nake ji a baki.

Sai masu bitar suka sa gasa, kowa ya kawo fim ɗaya, kada ya wuce minti bakwai. Malamin da ya koyar da mu ya sha nanata mana cewa kowane labari gwarzo ɗaya yake so, wai mai kallo ba ya iya riƙe mutum biyu a zuciyarsa. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi biyu a ƙasa.

Gwarzo kuwa ai ina da shi a gida: Kawu Bube, ƙanen mahaifiyata, manomin gero da albasa a Sisawa.

Shekarun baya, shanun Fulani sun shiga gonar waken wani maƙwabcinsa suka cinye ta tas. Samari suka taru a ƙofar gidan Kawu da sanduna da adduna, suna jiran ya ce a tafi ruga, don shi ne babba a unguwar. Ana cikin haka sai ga Arɗo Dikko, shugaban Fulanin da ke zaune bayan gari, ya taho shi kaɗai, ko sanda babu a hannunsa. Duk wanda ya san makiyayi ya san abin da ajiye sanda yake nufi a wurinsa. Ya ratsa ta tsakiyar samarin, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa gaban Kawu. Ranar ba a zubar da jinin kowa ba. Tun daga nan, duk shekara su biyun suke zama su sa ranar da za a saki gonaki shanu su shiga bayan an kwashe amfani, kafin shuka kuma su bi burtali da ƙafa tare, su ga ko wani ya ci hanyar shanu da gona. Ba takarda, ba hukuma. Yardar da ke tsakanin tsofaffin nan biyu ita kaɗai ke riƙe da zaman lafiyar wurin, kuma na san haka sarai tun kafin in taɓa kyamara.

Da na je wa Kawu da maganar, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan nan, in hira kaka so, sai a kirawo Arɗo. Ni kaɗai mi zan ce maka?"

Aka kira Arɗo. Na zaunar da su a tabarma ɗaya a gindin tsamiya, na ɗauke su kusan awa biyu. Kawu maganarsa a tsaye take, ya faɗa ya wuce. Arɗo kuwa sai ya yi shiru ya kalli ƙasa, ya faɗi kalma uku, ya shiga Fillanci, ya dawo Hausa, ga iska tana kaɗa wayar, ga maruƙa suna kuka a bayansa. Tun a wurin na fara lissafi a raina.

Na dawo Wurno na zauna da kwamfutar aro. Na fara da yanke shirun Arɗo. Sai na yanke Fillancin, don ba ni da mai fassara (ƙarya nake, akwai su cike da kasuwa, ƙyuya ce kawai). Sai na ga abin da ya rage nasa bai kai ya kawo ba, na tuna layi biyun nan da na ja a littafi, na matso da hoton kan fuskar Kawu har Arɗo ya fita gaba ɗaya. Akwai inda Kawu ya ce, "Wallahi ni ma rannan zuciyata ta hau, kaɗan ya rage in ce a tahi. Da nig ga dattijon ga ya taho ba sanda, kunya ta kama ni. Sai nic ce ma yara kowa shi aje sandatai." Na datse gaban, na bar jimlar ƙarshe kawai. Don ƙawa na saka akuyar gidan Kawu tana tuƙa, na saka faɗuwar rana a kan fadama. Sannan na ɗora muryata a kai, na kumbura ta kamar mai karanta labarai a rediyo: "A lokacin da makiyaya suka hana wannan ƙauye barci, mutum ɗaya ne ya miƙe tsaye."

Na kalla sau goma, tsigar jikina tana tashi. Na tura wa masu gasa, na tura wa abokai a waya. Sai na ce ai ya kamata mutanen Sisawa su ga ɗansu ya zama wani abu.

Ranar Laraba bayan la'asar muka toshe tagogin aji da tabarmi, na kafa majigi. Aji ya cika har waje. Arɗo ya zo da mutanensa wajen goma, ya sha sabuwar riga shuɗiya da malfa, da gani an yi shiri tun safe. Kawu ya tashi ya kamo hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi a gaba. Wallahi sai a wannan lokacin gabana ya ɗan faɗi, amma na ce wa kaina ai tsoho ne, da ya ga gari a bango zai ji daɗi. Liman ya buɗe da addu'a. Ni kuma na yi jawabi a kan shugabanci da bai wa marasa murya murya, jawabin da ya fi fim ɗin tsawo.

Aka kunna. Da akuya ta fito aka yi dariya. Da fuskar Kawu ta cika bango mata suka yi guɗa daga baya. Sai muryata ta fito da maganar makiyaya sun hana ƙauye barci. Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareta.

Ina tsaye a gefe ina kallon Arɗo. Ya ɗan miƙa wuya gaba, yana jira. Minti uku, minti huɗu, yana jira. Can wajen ƙarshe akwai inda aka miƙa wa Kawu ƙwaryar ruwa, hannu ya shigo daga gefen hoton ya fita. Arɗo ya nuna bangon da yatsa, ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Wancan hannuna na."

Babu wanda ya yi dariya.

Fim ya ƙare, aka yaye tabarma ɗaya daga taga, haske ya shigo. Mai hankali da nan zai durƙusa ya ba da haƙuri. Ni kuwa, da yake a takardar tsarin taron da na shirya an rubuta "tambaya da amsa" bayan fim, sai na ɗauki lasifika, na matsa gaban Kawu, na ce, "Kawu, jama'a za su so su ji, mene ne sirrin shugabancinka?"

Har yau ban san aljanin da ya tura ni ba.

Arɗo ya miƙe, ya gyara malfarsa, ya ce wa liman, "Malam, mu za mu koma, shanu na jira." Mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kalli kowa. Kawu ya ture lasifikar daga bakinsa.

"Ina kak kai Arɗo?"

Na ce, "Kawu, ai minti bakwai aka ba mu, shi ya sa..."

"Minti bakwai sun ɗauki muryarka, sun ɗauki akuyata, Arɗo na ba su ɗauka ba? Kai, mutumin ga shi yaz zo gidana ba sanda! Ni ina zaune! Yanzu ka sa ni gaban jama'atai ina cin abin da ba nawa ba. Mi za su ce? Su ce Bube ya kirawo mu don shi ci mutuncinmu?"

Tun da nake ban taɓa ganin idon Kawu ya kawo ruwa ba sai ranar. Ya fita da sauri ya bi bayansu, takalmansa ma a bakin ƙofa ya bar su. Liman ya matso kusa da ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, shaida anka ba ka ka riƙe. Ba a rage ta don ta yi kyau." Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ga ni tsaye da lasifika a hannu, tana ta ƙara, na ma rasa inda ake kashe ta.

Na ce to, gyara ai mai sauƙi ne, in ɗauko cikakkiyar hirar ta awa biyu in kai ruga su gani da idonsu. Sai da na buɗe wayar na tuna. Satin da ya wuce na goge ta, don in sami wurin ɗaukar bikin wani abokina a Rimawa. Kwamfutar aron kuwa tuni na share komai na mayar wa mai ita. Ina da angon yana rawa ta fuska uku. Arɗo kuwa ba ni da ko kalmarsa ɗaya.

Washegari Kawu ya tasa ni gaba har ruga. Na durƙusa gaban Arɗo na faɗi duk abin da na yi, na ce Kawu bai san komai a kai ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ya sa aka kawo mini nono, ya jira na sha, sannan ya ce, "Ni na san Bube, ba sai ka gaya mini ba. Amma yaran ga da kag gani, da yawa ba su nan rannan. Abin da sunka gani ga bango, shi sunka sani. Ga shi kuma cikin wayoyinsu, suna ta nuna ma juna. Jiya ɗan ƙanena ya tambaye ni, wai Baffa, ashe mu munka hana su barci?"

Na ce zan sake ɗauka, wannan karon shi kaɗai ma in yana so. Ya girgiza kai ya ce ya gode, ya tsufa da shiga bango.

Da kaka ta zo Arɗo bai zo zaman sa ranar sakin gonaki ba. Ƙanensa ya aiko, ya faɗi rana daga tsaye ya juya. Kawu ya yi ta sintiri tsakanin gari da ruga kusan wata biyu, yana lallashin samarin can, yana danne na nan, waɗanda su kuma fim ɗina ya sa suka fara ɗaga kafaɗa suna cewa ai ko a majigi an nuna su wa ke da laifi. Allah ya rufa asiri ba a yi faɗa ba. Amma abin da tsofaffi biyu suka yi shekaru suna ɗinkewa, ni na farke shi da yatsa ɗaya ina shan shayi, kuma har yau bai koma yadda yake ba.

Fim ɗin kuwa na biyu ya zo a gasa. A Sakkwato aka yi mini tafi, wani mai kwat ya riƙe hannuna ya ce irinmu ƙasar nan take buƙata. Takardar yabon tana ƙarƙashin katifa, ban taɓa nuna wa mahaifiyata ba.

Da babbar salla muka taru a gidan Kawu, yara suka ce in ɗauke mu hoto gaba ɗaya. Na ɗaga waya, kowa ya gyara tsayuwa. Sai Kawu ya janye jikinsa daga cikin layi, ya koma gefe ya zauna a kan turmi. Na ce, "Kawu, shigo mana." Ya ce, "A'a, ɗauki abinka. Gara in hita da ƙahwata kahin ka hidda ni."

Kowa ya yi dariya, har da ni, don ba ni da wata mafita. Ina nan ina hira da masu kawo sauyi, ban daina ba. Sai dai yanzu kafin in yanke mutum daga fim, nakan tambayi kaina ko zan iya zama kusa da shi ranar da za a nuna. Na kuma daina tambayar kowa sirrin shugabancinsa. Ni ma ai na kawo sauyi a Sisawa, kuma na ga yadda yake.