Notin da ba ya tsatsa ya hana amarya isa coci a kan lokaci

Mai Girma Uban Ramuka ya cinye hanyar Kagoma, har da magudanan ruwanta. Sau uku yana tsayawa gabanmu da babbar riga yana rantsuwa cewa gireda na tafe, kuma yau damina ta huɗu ke nan babu abin da ya bi hanyar ya daidaita ta sai ƙafafun shanu. Allah ya ƙara masa girma. Wannan ita ce ƙarata, amma tunda ni ba na ɓoye laifi, bari in haɗa da nawa.

Kun san manya sun taɓa sayo akwatunan kusoshi da notuna na farin ƙarfe, irin wanda ba ya tsatsa, domin injin ruwan da za a kafa mana. Injin bai zo ba, kusoshin suka ƙare a gwanjo, ni kuwa na kwaso cikin hannu. Na yi karatuna a ajin yaƙi da jahilci, sauran na koya wa kaina, don haka ba a yi mini gardama a kan ƙarfe. Duk damina tsatsa na cinye notunan salansar tsohuwar Fijo ɗina. Na ce an gama.

Na kai wa Meshak bakanike. Ya juya ɗaya a hannu, ya tsuke baki.

"Dattijo, wannan ba na salansa ba ne. In ka ɗaure shi a bushe, zai cije a rabin hanya, ba gaba ba baya. Bari in sa maka na tagulla, ko dai in shafa ma wannan mai."

"Mai? Abin da ya lalata ƙasar nan ke nan, komai sai an shafa mai kafin ya motsa!"

"Ni dai na mota nake magana, Dattijo."

Na yi masa wa'azi kan tsatsar zuciya har ya ajiye sifana ya tafi shan kunu. Na shiga ƙarƙashin motar da kaina, na murɗa har notin ya ƙi motsi. Na ce ga abin da ake kira riƙon amana. Ashe cijewa ya yi a kan zarensa, bai ko kusa matse bututun ba.

Ranar Asabar ɗiyar ƙanwata, Afiniki, za ta yi aure. A ikilisiyarmu shekara shida motata ce ke ɗaukar amarya, kuma ni kan yi amfani da tafiyar in gargaɗe ta kan biyayya. Ƙarfe goma Fasto ya sa. Muka taso daga Kagoma, an ɗaura wa motar furanni, matata Selina na gaba, amarya na baya cikin farar riga. Ina tsakiyar bayani kan haƙuri muka faɗa ɗaya daga cikin ramukan Mai Girma.

Salansa ta zame ta daki ƙasa. Motar ta soma ruri kamar tankar yaƙi, baƙin hayaƙi ya biyo ta hujin da ke ƙasan kujera.

"Kawu, rigata! Kawu, ka tsaya!"

Na tsaya. Na kwanta a taɓo da kwat ɗina, na kama noti. In ɗaure, ya ƙi. In kwance, ya ƙi. Yana ta ƙyalli abinsa, ko ɗigon tsatsa babu, yana zaune daram a wurinsa bai riƙe komai ba. Na daɗe ina ganin irinsa a bayan teburin ofis, ban san zan saka shi a motata ba.

Selina ta leƙo ƙarƙashi. "Baban Lucy, ka yi masa wa'azi mana, ko zai tuba."

Sha ɗaya ta wuce. A coci, daga baya na ji, mawaƙa sun maimaita waƙa ɗaya sau biyar, dangin ango sun fara raɗa cewa yarinya ta gudu. Sai ga Abdu direba da lodin citta.

"Dattijo, yau ba nasiha? Hawo da amarya, akwai wuri kan buhu."

Haka Afiniki ta isa ƙofar coci da sha biyu da rabi, tana atishawa, rigarta launin gawayi. An ɗaura auren, amma uwarta ba ta amsa gaisuwata ba har yau. Meshak ya zo da zarto ya yanke notunan, ya ɗaura na tagulla, abin da ya fi mini zafi ke nan.

An yi shari'a kuwa. Mai Girma, na ji an ɗaga shi zuwa babban birni, inda zai kula da hanyoyi masu yawa. Ni kuma dattawan ikilisiya sun zauna ranar Lahadi sun yanke cewa daga yanzu motata benci za ta riƙa ɗauka, rigar amarya kuma ni zan wanke da hannuna a tsakar gidan ƙanwata.