Tagar Batoma

"Tarawure, ashe waken jiya bai kashe ka ba?"

"Da na mutu ai da kin ji, Jara. Wa zai riƙa ciyar da ke?"

Haka Sitan Jara ta yi wa maƙwabcinta Fotigi Tarawure sallama, tana tsaye a ƙofar gidansa, hannuwanta shuɗi shar saboda rinin shadda. A Bamako ba mai waiwayowa don 'yan zuriyar Jara da na Tarawure sun zagi juna, abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Ranar da suka gaisa lami lafiya ce za a tambaya ko an yi rasuwa. Su biyun nan kuwa abin ya haɗe musu: katanga ɗaya ta raba gidajensu, ga shi ɗansa Lasine ne ke auren 'yarta Nyagale.

Abin da ya fito da ita da hantsi ba wasa ba ne. An ce za a sauya dokar gini a unguwar, kowa ya ɗora bene son ransa, kuma da la'asar za a taru a ofishin magajin gari a ji ta bakin jama'a. Sitan ce uwar masu cewa ba su yarda ba. Tun safe take bi gida-gida tana tara masu ɗaga hannu.

"Tashi ka wanke hannun nan naka mai warin wake, yau zai yi rana. Ɗaga shi za ka yi ka ce ba ka son bene."

"Yanzu baiwa ce ke aiken ubangidanta? Lallai duniya ta lalace."

"Wane ubangida? Da ƙwaryar wake kakana ya sayi kakanka, har ya mutu yana cewa an cuce shi."

"To ke me bene ya tare miki?"

"Rana mana! In aka rufe min rana, a kan sanƙonka zan shanya shadda?"

"Bismillah. Ya fi tsakar gidanki fili."

"Banɗakina fa? Ka taɓa ganin banɗaki mai rufi a unguwar nan? Ina wanka, wani ƙato yana sama yana kurɓar shayi yana kallona?"

"Wanda ya leƙa ki ai shi za a je yi wa jaje. Sai an kai shi asibitin ido."

"Ni? Ni da samari suka yi dambe a kaina a Segu?"

"Na ji labari. Kowa cewa yake ɗan'uwansa ya ɗauka."

Sitan ta sunkuya za ta zare takalmi ta jefe shi, sai idonta ya faɗa kan wani tamfol a jikin katangar da ta raba su. Bakin rodi ne ya leƙo daga ƙarƙashi, sabo fil. Ta saki takalmin ta miƙe.

"Wancan rodin na mene ne?"

"Na tuƙa wake ne."

"Fotigi."

Shekara da shekaru ba ta kira shi da sunansa ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Hawa ɗaya ne, Sitan, ciki da falo. Mai gidan da su Lasine ke haya ya ce su tashi kafin damina. Inda suka samu ya wuce Nyamana, can inda bas ke juyawa. Ni kuma ƙasa ta ƙare min, sama kaɗai ta rage."

Maganar ta sami Sitan inda ke mata ciwo. Da sallar da ta wuce an kawo mata jikarta, 'yar Nyagale, takwararta da ake wa laƙabi da Batoma, yarinyar ta ɓuya a bayan zanen uwarta don ba ta gane ta ba. Sitan ta yi dariya a gaban baƙi, ta shiga ɗaki ta sha kuka. Yanzu ga su za su ƙara nisa. Amma fa ita ce ta cika baki a gaban matan unguwa, ta ce ko bulo ɗaya ba za a ɗora ba tana raye.

"Na gaya wa magini kada ya fasa taga ko ɗaya ta wajenki," in ji Fotigi a hankali. "Shanya kuma ki hau saman ki yi, rana ta fi yawa a can."

Ta daɗe tana duban katangar. Can ta gyara ɗaurin zane.

"Taro dai zan je. Kuma dogayen benayen 'yan kasuwar nan, wallahi ban yarda ba."

"Hawa ɗaya fa?"

"Hawa ɗaya ai ba bene ba ne, rumbu ne. In an tambaye ni zan ce Tarawure ne ya rasa inda zai zuba wakensa, a tausaya masa."

Fotigi ya kwashe da dariya har da tari.

"Ban gama ba. Wa ya sa ka ka toshe min bango? A fasa taga. 'Yar ƙarama, daidai kan yarinya."

"Banɗakin naki fa?"

"Kwano za ka sayo ka rufe min. Aikin bayi ne."

"In na ƙi fa?"

"Ka taɓa jin Tarawuren da ya hana Jara abin da ta roƙa?"

Ya ɗaga hannu biyu sama yana girgiza kai. "Na bi, uwargijiyata. Sai dai ki faɗa min, tagar ta mece ce?"

Sitan ta riga ta juya, don ba ta son ya ga idonta. Daga bakin ƙofa ta ba shi amsa.

"In ba taga, ta ina Batoma za ta kira ni da safe, kai maciyin wake?"